Yaron da Ake Turawa Raga

A ƙauyenmu na ƙasar Kafur ba a zaɓen gola, tura shi ake yi. Idan an gama girbi, an kwashe dawa an kai rumbu, gonar da ke bayan firamare ita ke komawa filin tamaula. Manyan yara biyu su tsaya su raba jama'a, kowa ya ja mai gudu da mai ƙarfin ƙafa, sai a bar ɗan ƙaramin nan, ko mai tari, ko wanda ya iso a makare, a ce masa, "Kai, shiga raga." Ragar kuwa suna ce kawai. Duwatsu biyu ne, ko takalman roba, in an ƙoƙarta a kafa kara biyu a ɗaure igiyar rama a sama. Ni ma haka aka tura ni wajen 1990, ina ɗan shekara goma. Da fushi na shiga, amma sai da na yi shekara goma sha biyu a wurin, har gwiwa ta gaza. Shi ya sa in ana hirar ƙwallo a majalisa, mutane na lissafin waɗanda suka ci, ni kuma hankalina na kan waɗanda suka hana.

Wanda ya fara nuna min cewa tsayuwa tsakanin turaku biyu sana'a ce mai tarihi shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi aiki a masaƙa a Kaduna kafin ya dawo gida ya kama noma. Wata rana ya ga na shigo da gwiwar hannu a goge, jini ya haɗu da ƙura, ina ɓoyewa kada Inna ta gani. Ya kira ni gindin darbejiya ya ce, "Zo nan, ɗan nan. Ka san Rigogo?" Na ce, "A'a, Kawu." Ya girgiza kai kamar na ce ban san sunan kakana ba.

Inuwa Lawal Rigogo shi ne ya tsare wa Najeriya gida a shekarun 1960, lokacin ana kiran ƙungiyar ƙasa Green Eagles. Sunansa kaɗai ya isa ya gaya maka ɗan ina ne. A Legas ya yi suna, a ƙungiyar ECN ta ma'aikatan wutar lantarki, tun kafin a haifi NEPA, ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙalubale a 1960 da 1965 da kuma 1970. Kawu ya ce Kwame Nkrumah na Gana ne da kansa ya laƙaba masa kyanwa mai tashi, saboda yadda yake shillo a iska ya cafe ƙwallo ya diro da ita a ƙirji. Shi Kawu bai taɓa ganinsa da ido ba. A rediyo ya san shi, sai wani hoto na jarida da wani abokin aikinsa ya manna a bangon ɗaki. Bayan Rigogo ne Peter Fregene ya karɓi ragar, kuma shi aka tafi da shi wasannin Olamfik na 1968 a Meziko, inda Najeriya ta yi canjaras 3 da 3 da Birazil. A bakin Kawu na fara jin sunan ƙasar Meziko, ban san za ta daɗe a raina haka ba.

A ranar ya faɗa min wata magana da ban manta ba. Ya ce gola kamar yaron da ake ɗorawa kan rumfa ne a gonar dawa ya kori jan baki. Tun asuba yana ihu yana kaɗa gwangwani yana wurga majaujawa har rana ta faɗi. Ranar sussuka babu mai auna buhun da tsuntsu bai ci ba. Amma in ya yi gyangyaɗi sau ɗaya aka cinye gefe guda, wannan gefen za a nuna wa ubansa.

Daga nan rediyo ta ci gaba da kawo mana sunaye. Emmanuel Okala na Rangers ta Inugu, dogo kamar giginya. Best Ogedegbe, wanda ya tsaya a raga ranar 22 ga Maris 1980, da Najeriya ta doke Aljeriya 3 da nema a Legas ta ɗauki kofin Afirka karon farko, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa kofin. Waɗannan labarinsu na ji. Na zamanina shi ne Peter Rufai, Dodo Mayana. Mu yaran ƙauye mun daɗe muna ɗauka namu ne saboda sunan Rufa'i, har muna gardama da mai cewa ɗan Legas ne. Ɗan Legas ɗin ne kuwa. Ya rasu ranar 3 ga Yuli 2025 yana da shekara 61, kuma da na ji sanarwar sai da na ajiye fartanya na zauna a kan kunya.

Ranar da ta sauya min kallon sana'ar ita ce Talata 5 ga Yuli 1994. Damina ta kankama, an gama noman firi ana shirin maimai. Mun tako da ƙafa zuwa cikin garin Kafur, ƙofar wani mai shago da ke da talabijin baƙi da fari wadda ake haɗawa da batirin mota. Ƙarfe shida na yamma aka take wasan Najeriya da Italiya a gasar cin kofin duniya a Amurka. Emmanuel Amunike ya ci, muka riƙe ɗayan nan har saura minti biyu a tashi. Sai Roberto Baggio ya gangaro da ƙwallo ƙasa-ƙasa ta jikin turke. Rufai ya miƙe iya tsawonsa, bai kai ba. A ƙarin lokaci Baggio ya sake ci da fenareti. Jama'a suka watse ba mai ce wa kowa sai da safe. Mu 'yan kaɗan muka rage, don batirin bai mutu ba, hadari kuma ya haɗu ta gabas, muna tsoron hanya.

Ƙarfe tara da rabi aka saka Meziko da Bulgeriya, Bulgeriyar da muka lallasa 3 da nema makonni biyu kafin nan. A wasan ne ƙarfen da ke riƙe da raga ya karye, aka tsaya har sai da aka shigo da wata. Amma ni ba wannan ya ɗauke min hankali ba. Golan Meziko ne, Jorge Campos. Gajere ne a ma'aunin gololi, rigarsa ta yi masa yawa, zanenta kamar atamfa, ga shi ba ya zama a gida. Ya fito har wajen da'irarsa ya tare ƙwallo da ƙafa, ya ba ɗan baya, ya koma da gudu. Aka tashi 1 da 1, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida. Ya ture ta Krasimir Balakov, amma 'yan wasansa uku suka ɓarar, Bulgeriya ta wuce. A dare ɗaya na ga gololi biyu da nake so sun fita daga gasa, kuma babu wanda a cikinsu ya yi abin kunya.

Sai daga baya na fahimci abin da na gani. A 1992 aka sauya doka, aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, saboda gasar 1990 a Italiya ta gundiri duniya da ɓata lokaci da ƙarancin ci. Tun 1912 aka killace hannun gola a cikin da'irarsa, ya shekara tamanin yana rayuwa da hannu, sai rana ɗaya aka ce ƙafa ma sai ya iya. Tsofaffin gololi da yawa sun sha wuya. Campos kuwa kamar don shi aka yi dokar. An haife shi a 1966 a Akafulko, garin bakin teku. Da ya je ƙungiyar Pumas ya tarar da Adolfo Ríos a raga, sai ya roƙi a saka shi a gaba, ya kuma ci ƙwallo 14 a kakar 1989 zuwa 1990. Ko bayan ya karɓi ragar, akan sa ya sauya riga a tsakiyar wasa ya koma gaba in ana neman ci. Rigunan nan da shi ake tsara su. A 1999 yana raga Meziko ta doke Birazil 4 da 3 a filin Azteca ta ɗauki kofin nahiyoyi.

Launin rigar ban gan shi ba sai bayan watanni, a jikin wata kalandar 'yan ƙwallo da ake sayarwa a kasuwar Malumfashi: ruwan hoda, rawaya, kore shar, duk a riga ɗaya. Na tattara ƙyallayen atamfar Inna na kai wa telan unguwarmu na ce ya haɗa min mai dogon hannu. Ya dube ni ya ce, "Kai da wa za ku yi tashe?" amma ya ɗinka. Ranar da na fara saka ta a wasanmu da ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, an yi ta sowa. Abin da ya biyo baya shi ya tsaya min a rai. A ranin nan, yara biyu ƙanana suka zo da kansu suka ce raga suke so. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba a filinmu.

Da na girma na fara karance-karance, sai na gane Campos ba daga sama ya faɗo ba. Ƙasarsu ta daɗe tana girmama mai tsaron gida. Kakansu a sana'ar shi ne Antonio Carbajal na ƙungiyar León, mutum na farko a duniya da ya buga gasar cin kofin duniya sau biyar: 1950, 1954, 1958, 1962 da 1966. Babu wanda ya kamo shi sai Lothar Matthäus na Jamus a 1998. In ka dubi alƙaluma kaɗai sai ka ce ba abin yabo. Wasansa na farko, a Maracanã, Birazil ta zura masa huɗu. Cikin wasa 11 an ci shi 25, sau ɗaya tak ƙasarsa ta yi nasara, 3 da 1 a kan Cekoslobakiya a 1962. Wasan da ya fita ba a ci shi ba guda ne, shi ne na ƙarshe, da Urugwai a Wembley a 1966, yana da shekara 37. Da a wurinmu ne da tuni an sa masa suna kwando an wuce wurin. Su kuwa suka duba suka ga ƙungiyar da ke gabansa ce ba ta da ƙarfi, shi ne ya hana abin ya fi haka muni, suka riƙe shi da daraja har ya rasu a watan Mayun 2023 yana da shekara 93.

Na uku a jerin shi ne wanda samarin yanzu suka sani, Guillermo Ochoa, mai tulin gashi da ɗaurin goshi. Haifaffen Gwadalahara ne, 1985, ya tashi a ƙungiyar América ta babban birninsu. An je da shi gasar duniya a 2006 da 2010 bai taɓa ƙwallo ba, yana benci. A 2011 ya tafi Ajaccio, wata ƙaramar ƙungiya a tsibirin Kosika na Faransa, wadda a 2014 ta ƙare a ƙarshen tebur ta faɗa rukuni na biyu. Da ya isa Birazil a watan Yunin shekarar, kwantiraginsa ya zo ƙarshe, bai san inda zai dosa ba.

Daren 17 ga Yuni 2014 ina gidan kallo a Kafur, rumfar kwano da bencina, janareto na ruri a baya. Kusan kowa Birazil yake yi, ko in ce Neymar. Ƙarfe takwas aka fara. Kafin rabin lokaci Neymar ya sa wa ƙwallo kai, ta nufi kusurwar ƙasa ta hannun daman gola, rabin ɗakin har sun miƙe. Ochoa ya yi tsalle ya ture ta a kan layi da tafin hannu ɗaya. Wanda bai taɓa tsayawa a raga ba zai ga tsallen ne kawai. Ni ƙafafunsa na kalla, 'yan takun nan gajeru da ya yi yana bin ƙwallon tun tana sama, ya tsaya cak kafin kan Neymar ya taɓa ta. Ba don wannan tsayuwar ba da tsallen bai yiwu ba. Ya sake tare wata da jiki dab da hutu, ya tare ta Neymar a zagaye na biyu, sannan saura 'yan mintuna Thiago Silva ya doka da kai daga kusa, ta same shi a tsaye inda ya kamata. Aka tashi babu ci. Wani dattijo da ke kusa da ni, wanda ya shigo don rakiyar jikansa, ya ce, "Malam, wannan yaron da layarsa ya zo." Na ce, "Baba, aikin shekara ashirin ne."

Da safe muka ji a rediyo cewa a daidai lokacin da muke kallon wasan nan, bam ya tashi a wani wurin kallo a Damaturu, ya kashe aƙalla mutum 14. Mutane ne irinmu, a kan benci irin namu, suna kallon gola ɗaya da mu. Har yau ba na iya tuna daren Ochoa ban tuna da su ba. Allah ya jiƙansu. Bayan nan iyaye da yawa a garinmu sun hana 'ya'yansu zuwa gidan kallo, mai rumfar kuma ya sa ana laluben kowa a ƙofa.

Ƙarshen watan Yuni azumi ya kama, kuma a kwanakinsa na farko aka yi wasanni biyu a jere, duka ƙarfe biyar na yamma. Ranar 29 ga wata Ochoa ya tsare Holan har minti na 88, sannan Wesley Sneijder ya farke, Klaas-Jan Huntelaar ya ƙara da fenareti. Washegari namu ne, Najeriya da Faransa. Vincent Enyeama, wanda a 2010 ya hana Lionel Messi ci a Johannesburg, wanda ya ɗauki kofin Afirka a 2013, wanda a shekarar ya yi minti 1,062 a Lille ba a zura masa ko ɗaya ba, ya yi ta ture ƙwallayen Faransawa har minti na 79. Sai aka bugo kwana, ya fito ya taɓa ta da yatsu bai ture ta da nisa ba, Paul Pogba ya sa kai. Aka tashi 2 da nema ana dab da kiran magariba. Muka fito ana miƙa dabino da kunu, kuma duk bakin da ya buɗe Enyeama yake zagi. Na tuna da yaron Kawu a kan rumfa, na kasa haɗiye ƙosan da ke hannuna.

Rayuwar Ochoa bayan wannan gasa ba ta zama irin ta tatsuniya ba, kuma wannan ne ya ƙara sa nake ganin girmansa. Ya koma Malaga a Sifen, Carlos Kameni na Kamaru ya zaunar da shi a benci fiye da shekara. A 2016 Cile ta zura masa bakwai a wasa ɗaya. A Granada an ci shi 82 a kaka guda, ƙungiyar ta faɗi. Ya yi Standard Liège a Beljiyam, ya koma América, ya je Salernitana a Italiya yana dab da arba'in. Amma duk bayan shekara huɗu sai ƙasarsa ta miƙa masa safar hannu. A 2018 ya hana Jamus mai riƙe da kofi ci, Meziko ta yi nasara 1 da nema. A Tokyo ya samo tagulla a Olamfik. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 a Katar ya kama fenaretin Robert Lewandowski, a zuwansa gasar karo na biyar, kamar Carbajal. Sau bakwai a jere, daga 1994 zuwa 2018, Meziko na tsallake rukuni tana faɗuwa a zagaye na biyu, amma hakan bai sa yaransu sun daina sayen rigar gola ba.

Mu fa? Arewa ba ta rasa 'yan ƙwallo ba. Tijjani Babangida ya kai Ajax, Garba Lawal ya je gasar duniya sau biyu, Ahmed Musa ya ci 18 a Kano Pillars a kaka ɗaya kafin ya zura biyu a ragar Ajantina da biyu a ta Aisilan. A 2013, da matasanmu 'yan ƙasa da 17 suka doke Meziko 3 da nema a Abu Dhabi suka ɗauki kofin duniya, Manu Garba ne koci, Musa Muhammed ne kyaftin, har ya ci ta uku. Amma golan Dele Alampasu ne. Lissafa waɗanda suka tsare wa Najeriya gida a gasar duniya ta manya: Rufai, Ike Shorunmu, Enyeama, Francis Uzoho. Ko Pillars, sai masu gida, da ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 ta kai kusa da ƙarshe a gasar zakarun Afirka, golan da aka fi saninta da shi a waɗancan shekarun Theophilus Afelokhai ne. Duka na yaba musu, 'yan ƙasata ne. Tambayata ita ce ina magadan Rigogo.

Ruwa ba ya tsami banza. Lokacin ƙwallonmu rani ne, don da damina kowa na gona, fili ma shuka ce a kansa. Da rani kuwa ƙasar Kafur ta bushe ta yi tauri kamar daɓe, ga tushiyar kara da ta rage bayan girbi, ga tsidau, ga tsakuwa. Ɗan gaba zai iya koyon sana'arsa a kan wannan ƙasa. Gola kuwa faɗuwa ce karatunsa, sau ɗari a mako, kuma jiki ba ya yarda ya koyi abin da ke fasa masa ƙugu kullum. Yaro ya faɗi sau biyu, na uku sai ya tsaya ya miƙa ƙafa. Safar hannu mai kyau ta fi ƙarfin aljihun ɗan manomi, ni safar ƙafa na riƙa sawa a hannu da hunturu. Babu mai koya maka yadda ake faɗuwa ta gefe maimakon ta ciki, ko inda za ka tsaya in an bugo kwana, domin malamin wasannin ma ɗan gaba ne a zamaninsa. Masu zuwa neman yara daga birni kuma mai ci suke tambaya. A kan duk wannan sai ka ɗora halinmu na tura mafi rauni raga, sannan mu zage shi in an ci. A ganina wannan na ƙarshen ya fi taurin ƙasa ɓarna, don shi ne kaɗai ba ya buƙatar ko sisi kafin a gyara.

Bara, bayan an kwashe masara da waken soya, na roƙi wani maƙwabcina mai amalanken shanu ya kawo min yashi sawu huɗu daga rafi. Muka haƙa ƙasa kamu ɗaya a gefen filin yara, muka zuba, muka kafa turakun dogon yaro biyu. Na sayo safar hannu ta gwanjo a Funtuwa, ta yi wa kowa yawa. Yara biyar ke zuwa bayan la'asar. Ƙaraminsu ɗan ƙanwata ne, shekararsa tara, kuma a wayar yayansa ya ga yadda Ochoa ya ture ƙwallon Neymar, har ya yanki bakin tsohuwar riga ya ɗaura a goshi. Jiya na jefa masa ƙwallo ƙasa-ƙasa ta hannun dama. Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya tashi, ya sauka a kan kafaɗa da ita a ƙirji. Ya miƙe yana tofar da yashi ya ce, "Kawu, sake jefowa ta hagu."